Illo Mai Kaye da Rawanin Sarkin Ruwa

A shekarun da Nasara ke ɗibar maza aikin hanyar Maraɗi, an yi wani mutum a Madarumfa ana ce da shi Illo. Manomin gujiya ne, kuma Allah ya sani ba mugu ba ne. Salla ba ta wuce shi, maƙwabci bai taɓa neman aron gatari ya hana ba. Yana ma da wata baiwa da shi kansa bai ɗauke ta a bakin komai ba: duk jakin da ya gagari mai shi a garin nan, Illo na dafa wuyansa sai ya bi shi kamar ɗan akuya.

Ciwonsa ɗaya ne, baki. In ya kashe ɓera a rumbu da safe, kafin azahar ɓeran nan ya zama kura. Ya taɓa yin rani guda a Maraɗi yana share ƙofar biron kumandan, wato ofishin Baturen mulki, to tun daga lokacin ba a sake ɗauko wata magana a duniya ba sai ya gyara zama ya ce, "Ai mu a biro..."

Abu guda ne bai taɓa cika baki a kansa ba, shi ne ruwa. A bakin tabki aka haife shi, amma duk ruwan da ya wuce idon sawu, Illo ba ya shiga. Wankansa a ƙwarya, a bayan ɗaki.

Ana nan, da kaka, sai Allah ya yi wa Sarkin Ruwa Musa rasuwa, bai kuwa bar ɗa namiji ba. Sarautar ta gidansu ce tun daga ubansa, tsohon Sarkin Ruwa Audu. Maigari ya ce in an yi sadakar arba'in za a taru a bakin tabki, a naɗa rawanin ga ɗaya daga cikin jikokin Audu. Masunta kuwa suka shiga raɗe-raɗin sunan Mamman, wani mutum marar yawan magana da ya zo daga Ɗan Issa tun yana saurayi, wanda kifi ke bin komarsa kamar ya kira su da suna.

Illo ya shigo gida yana huci, ya tarar da matarsa Hajara tana tankaɗe.

"Kin ji? Wai Mamman! Baƙon Ɗan Issa! Ga ni zaune, ni da ubana Yahaya ke ƙanen marigayi!"

"Malam, kai da ba ka shiga ruwa?"

"Sarki shiga ruwa yake? Sarki nuni yake da sanda. Tsaya ki ji. A biro na ga wata takarda manne ga bango, an zana icce, kowane reshe da sunan mutum, tun daga kakan kakan Bature har zuwa gare shi. Ba gardama, ba rantsuwa. Irinta zan yi wa gidanmu. Ranar naɗi in shimfiɗa ta gaban Maigari, duk mai ja ya ja da takarda."

Ya buɗe adakarsa, ya zaro kaye, littafin rubutun nan na ƴan lakwal, wato makarantar boko, da guntun fensir da ake ce wa kiriyo, da wata tsohuwar hula mai baki irin ta dogaran kumandan. Duk ukun a sharar biro ya tsince su. A ranar kuma ya kai buhu biyu na gujiya kasuwa, ya yi musanyensu da farin rawani. Ya kife tulu a tsakar gida ya shiga koyon naɗi a kansa, ya naɗa ya warware, ya naɗa ya warware, har kaji suka daina tsoro.

Da ya gaji sai ya zauna, ya lashi bakin kiriyo, ya yi bisimilla. Da ɗan ajamin da ya tsira da shi daga makarantar allo ya zana iccensa, ya rubuta sunansa ɓaro-ɓaro a tsakiyar gindi.

Hajara ta leƙo. "Wannan ƙafar kaza ce?"

"Kuka ce!"

"To, kai ne gindin? Na ɗauka kakanni ke ƙasa."

"Ke mi kinka sani ga aikin biro?"

Washegari da hantsi ya nufi ɗakin Kaka Dije, matar tsohon Sarkin Ruwa Audu, uwar marigayi Musa. Ita ta raini Illo, don ubansa ya rasu tun yana rarrafe. Ya same ta a kan tabarma tana kaɗi, tazbaharta a gefe.

"Ga mijin nan nawa marowaci," in ji ta. "Mi ka kawo mini?"

"Tarihi na kawo miki, tsohuwa."

"Da wace miya ake cin shi?"

Illo ya buɗe kaye ya murtuke fuska kamar yadda ya ga tafinta na yi. "Faɗa mini sunan uban mijinki."

Mazari ya suɓuce daga hannun Kaka. "La'ilaha illallahu! Surukina? Da bakin nan nawa? Wani abu ka sha?"

"To, sunan mijinki."

"Ka san shi. In ka manta, tahi ka tambayi maza."

"Na sani mana. Amma dokar biro, sai an ji daga bakin mai shi."

"To, biro ta zo ta buɗe bakin."

Illo ya ja tsaki, ya rubuta Audu da kansa. Sunan uban Audu kuwa ya bar masa fili, ya ce zai cika daga baya in ya samu wanda ya dace da girman gidan.

"Saura ɗiyanki maza. Lissafa mini su."

Kaka ta ɗauki mazari. Ta ja zare, ta sake ja, kamar ba da ita ake ba. Can ta ce, "Musa, Allah ya jiƙan shi."

"Na fari ke nan," in ji Illo yana rubutu.

Kaka ta dubi bango. Ba ta ce i ba, ba ta ce a'a ba.

"Sai wa?"

"Bayan shi na goya Yahaya, ubanka."

"Biyu. Alhamdu lillahi! Musa bai bar namiji ba, Yahaya ya bar ni. Tsohuwa, shirya zanen fita, mijinki ya zama sarki."

"Allah ya shirye ka," in ji Kaka.

Da ya ba Hajara labari sai ta ajiye muciya ta dube shi. "Malam, sunan marigayi, da bakinta ta faɗe shi?"

"Rangaɗau."

"To ai in shi ne na fari, mace ba ta..."

"Ke! Ina aikin hukuma kina kawo mini al'adun mata!"

Hajara ta ɗauki muciyarta ta ci gaba da tuƙi.

Da Illo ya sake duba iccen sai ya ga ya yi rama: gindi ɗaya, reshe biyu. Ta yaya Maigari zai ga ƙwarjinin gida a haka? Ya yanke shawarar sai ya bi gari gida-gida, ya rubuta duk mai ɗigon jinin Audu, na kusa da na nesa. Ya sa hular nan mai baki, ya maƙala kiriyo a kunne, ya rungumi kaye, ya fita yana taku ɗai-ɗai.

Abin da bai tuna ba shi ne, bara war haka wani mutum ya zo garin nan da irin wannan hula da irin wannan kaye, ya bi gida-gida yana tambayar sunayen maza. Bayan kwana bakwai aka tasa ƙeyar mutum goma sha ɗaya zuwa fasa dutse a hanyar Maraɗi.

Ya fara da gidan Mariama, matar wani ɗan'uwansu na nesa.

"Salamu alaikum! Maza nawa ke gidan nan? Suna da sunan uba!"

Mariama ta dubi hula, ta dubi kaye. Aka ji wani motsi a bayan zana, kamar mutum na hawan wani abu da sauri.

"Ba namiji ko guda," in ji ta.

"Ina maigidan?"

"Ya rasu."

"Inna lillahi! Yaushe? Jiya tare munka yi la'asar!"

"Bayan la'asar ɗin ne."

Sai rumbu ya yi atishawa.

"Wa ke cikin rumbu?"

"Gero."

"Gero ke atishawa?"

"Na bana ne, ƙaiƙayi ya yi mishi yawa."

Illo ya dubi rumbu. Amma ya tuna a biro abin da aka faɗa shi ake rubutawa, saboda haka ya rubuta sunan mutumin, ya sa "marigayi" a gefe, ya yi wa Mariama ta'aziyya, ya wuce gaba.

Labari ya riga shi. Kafin ya kai gida na uku, maza sun watse. Waɗansu suka bi ta cikin karan dawa suka kama hanyar Ɗan Issa don su ƙetare iyaka. Waɗansu suka faɗa tabki suka kifa goruna a kansu, sai ka ga gora na tafiya ba iska. Mahauci ya bar nama a kan faifai, wanzami ya bar mutum da rabin aski, mai rabin askin ma ya bi bayansa. Duk ƙofar da Illo ya yi sallama, sai mace ta fito tana share ido da gefen zane. Da aka kira azahar, masallaci daga Liman sai Illo sai wani tsoho da ba ya ji.

Ya koma gida jiki a sanyaye. "Hajara, annoba ta shigo gari. Dangina goma sha bakwai sun rasu tsakanin hantsi da azahar."

"Ka ga an haƙa kabari ko ɗaya?"

"Wa zai haƙa? Masu haƙar ma sun rasu."

Bai rufe baki ba sai ga ɗan aiken Maigari.

"Illo, wa ya aiko ka?" in ji Maigari.

"Ranka ya daɗe, tarihi."

"Tarihi ne ya kore mini gari ana tsakiyar roron wake? Tuɓe hular nan. Kafin jibi ina son in ga mazana sun dawo, yadda ka kore su haka za ka maido su."

Da suka fito, Liman ya kama hannunsa, ya ja shi gefe. "Illo, ka ji maganar babba. Ajiye kayen nan. Kai ɗan gidan ne, kowa ya sani, ba wanda ya taɓa ce maka a'a. Mi kake nema kuma?"

"Allah gafarta Malam, har kai Mamman ya ba kifi?"

Liman ya saki hannunsa, ya ce, "Allah ya kyauta."

Illo ya kwana da dabara, ya tashi da ita. Ya sa mai shela ya zaga gari da ƙauyukan gefe: ba ƙidayar Nasara ba ce, salsalar gidan Audu ake rubutawa, kuma duk mai jinin gidan ya zo ƙofar Illo a sa sunansa, ya ci tuwo da nama.

"Da wane nama?" in ji Hajara.

"Ragon nan."

"Ragon layya?"

"Sarkin Ruwa ba ya rasa abin layya."

Ranar kuwa matattu suka tashi. Na farkon zuwa mijin Mariama ne, ƙaiƙayi har cikin gemu.

"Ba kai ne ka rasu ba?" in ji Illo.

"Na samu sauƙi."

Illo ya laluba bai ga inda ya sa shi a mutuwa ba, sai ya sake rubuta shi a wani shafi cikin masu rai. Haka ya yi wa sauran sha shidan. Bayansu sai ga waɗanda ko a mafarki ba su haɗa komai da Audu ba. Wani Bafillace ya jingina da sandarsa ya ce kakan Illo ya taɓa ƙetarar da shanun kakansa.

"Reshe!" in ji Illo, ya rubuta.

Wani Buzu mai tallar gishiri, da ƙamshi kawai ya karkato da shi, ya ce raƙuminsa ya sha ruwan tabkin nan sau biyu.

"Reshe!"

Hajara ta matso ta yi ƙasa da murya. "Malam, wannan ko Hausa ba ya ji sosai."

"Gidan sarauta haka yake, ko'ina akwai namu. Ƙaro tuwo."

Kwana uku ana daka a gidan. Rago ya tafi a rana ta fari, kaji suka bi shi a ta biyu. Rumbun da aka yi niyyar ya kai su damina ya sauka har sai Hajara ta shiga da ƙafa kafin ta ɗebo. Kaye ya cika har bango, miyar kuka ta manne shafi da shafi, kiriyo ya koma kamar ƙwayar wake. Illo kuwa sai baza riga yake tsakanin baƙi, yana ba da labarin yadda kakansa Audu ya taɓa kama kada da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana cin goro.

A rana ta uku da la'asar sai ga Mamman da kwando cike da tarwaɗa. Ya miƙa wa Hajara, ya wuce inda Kaka Dije ke zaune, ya durƙusa.

Fuskar tsohuwa ta washe. Ta kama kunnensa ta ja. "Ga angona na gaskiya, mai kawo kifi! Wancan kuwa sai takarda. Kai, ka rame. Matarka ba ta ba ka abinci? Sake ta ka dawo gare ni."

"Sai kin yi sabbin haƙora, Kaka."

Abin ya sosa wa Illo rai. Wasan kaka da jika ne wannan, kuma a saninsa shi kaɗai ke da wannan wasa a gidan.

"Tsohuwa, har da baƙi ake yi?" Ya juya ga Mamman yana kaɗa kaye. "Rassa sun ƙare, amma saboda kifin nan, ko in sa ka a ganye?"

Mamman ya yi murmushi. "Bar shi, ɗan'uwa. Kiriyonka ya gaji."

Ranar naɗi ta zo. Da hantsi gari ya taru a gindin tsamiyar bakin tabki, maza a gaba, mata a baya, masunta sun jingine gorunansu da komayensu. Illo ya iso da babbar riga, kaye a hannun dama, rawani a cikin lefe a hannun hagu. Ya zaɓi wuri mai nisa da ruwa ya tsaya.

Maigari ya ce, "To, Illo, an ce kana da magana."

"Ranka ya daɗe, ba ni ke da magana ba, takarda ke da magana."

Ya buɗe kaye, sai shafi huɗu suka buɗe tare. Ya ɓamɓare su, rabin sunayen suka bi miya. Ya kusanto da shi ga ido, ya nisanta, don rubutun da ya yi da hannunsa yanzu ya zame masa baƙo. Ya daure ya fara. Mijin Mariama ya fito sau biyu, sau ɗaya marigayi, sau ɗaya mai rai.

"Wanne za mu ɗauka?" in ji Maigari.

"Ranka ya daɗe, in aikin hanya ne, na farkon," in ji mutumin daga cikin taro.

Aka bushe da dariya. Illo ya ɗaga murya ya ci gaba. Buzu mai gishiri ya fito ƙanen Audu ciki ɗaya. Bafillace ya fito kawun Liman. Liman ya shafa gemu ya ce bai san yana da gādon shanu ba, amma ba ya ƙi.

Wani tsohon masunci ya miƙe. "Mun ji Buzu, mun ji Bafillace. Ina Mamman?"

Nan Illo ke jira. Ya rufe kaye, ya buga shi a tafin hannu. "Babu shi! Ɗiyan Audu maza biyu ne, Musa da Yahaya. Daga bakin Kaka Dije na ji, ba a hanya na tsinta ba. In ana musu, a kawo ta!"

"Illo, bar tsohuwa ta huta," in ji Liman.

Daga cikin mata Hajara ta yi ta girgiza masa kai har ɗankwalinta ya zame. Illo ya ga haka, ya ɗauka tsoro ne ya kama abokan gaba har ya taɓa matarsa.

"A'a! Yau sai an ji! Kuma ku shaida, jama'a: in takardar nan ta yi ƙarya, rawanin nan da na saya da gujiyata, da hannuna zan naɗa wa Mamman shi!"

"Mun shaida!" in ji taro.

Ya tafi da kansa. Jakin maƙwabci, wanda ya harbi mutum biyu a satin nan, Illo ya dafa wuyansa, ya ɗora Kaka, jaki ya taho da ita a hankali kamar ya san ƙwai ya ɗauko. Aka shimfiɗa mata tabarma gaban Maigari.

Liman ya matso ya tsuguna. "Iya, ba za mu sa ki faɗin abin da baki ba ya faɗi ba. Ni zan yi magana, ke ki zauna. Musa ɗanki ne?"

"Ɗana ne, Allah ya jiƙan shi."

"Kun ji!" in ji Illo.

"Kafin Musa, akwai wani?"

Kaka ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Wanda yayanki Wada ya ɗauka ranar yaye, ya tahi da shi Ɗan Issa ya riƙe? Lawali, uban Mamman?"

Tsohuwar nan, mai shekara kusan casa'in, ta juya wa taro baya, ta sunkuyar da kai kamar amaryar jiya. Sai guɗa ta tashi daga cikin mata. Ba macen da ke wurin da ba ta gane ba. Ɗan fari ai uwa ba ta kiran sunansa, ba ta sa shi a lissafi, ko da furfura ta rufe ta, ko da shi ya riga ta kwanta dama. Tun ranar da ta faɗi sunan Musa ba ko ɗar, ta riga ta gaya wa Illo akwai wani a gabansa. Shi ne yake kallon kaye.

"Ba ta ce komi ba!" in ji Illo. "A biro shiru ba shaida ba ne!"

"Nan kuma bakin tabki ne," in ji Maigari.

Amma bakin Illo bai mutu ba. "To, na ji! Mu biyu ke nan. Shi ɗan Lawali ɗan Audu, ni ɗan Yahaya ɗan Audu. Sai a duba wanda ya fi ilimi!"

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Tsofaffi suka dubi ƙasa. Liman ya ce a hankali, "Illo, ya isa haka."

"Bai isa ba! Kaka, juyo ki faɗa musu wa ya haifi Yahaya!"

Kaka ta juyo, ta sauke mayafi, ta daɗe tana kallonsa.

"Kai ka tambaya, ba ni na tona ba. Da yayana ya ɗauke mini wancan, ya ga ina ta waige, sai da anka yaye nashi ya kawo mini, ya ce ga madadi. Yahaya ɗan Wada ne. Goyo na yi."

"Wane Wada?" in ji Illo.

Tsohon masuncin nan ya tafa hannu. "Wada mai jakai! Wanda ya kwana tara a bakin gulbi yana jiran ruwa ya janye, ruwan kuwa iyakarsa gwiwa!"

Mutane suka dubi inda Illo ke tsaye, nesa da ruwa. Suka dubi jakin, wanda a daidai lokacin ya matso yana goga kai a kafaɗarsa. Wani ya ce, "Ashe gado ne!" Dariya ta ɓarke har masu goruna suna faɗuwa a kan gorunansu.

Illo bai ji dariyar ba. Kaye ya faɗi daga hannunsa. Ya dubi tsohuwar da ta yi masa wanka, ta yi masa ɗura, ya ce, "Ashe ni ba naki ba ne."

"Zo nan, shashasha."

Ya zo ya durƙusa. Ta kama kunnensa, ta ja shi fiye da yadda ta ja na Mamman.

"Wa ya tauna maka gujiya kafin ka yi haƙori? Bayan wa ka jiƙe shekara biyu? Da ƙyanda ta kama ka, wa ya kwana bakwai zaune? Akwai wannan cikin kayen naka?"

"Babu."

"To, kayen ne ba nawa ba."

Illo ya share ido da hannun riga, ya ce ƙaiƙayi ne. Maigari ya yi gyaran murya, ya nuna lefe. Alkawari kuwa an yi shi gaban shaidu. Illo ya ɗauko rawaninsa, ya tsaya a kan Mamman, ya yi bisimilla. To, mutumin da ya yi kwana arba'in yana naɗa wa tulu, ai kan mutum ba zai gagare shi ba. Ya naɗa shi tsaf, ya fitar da kunnuwa biyu, har Maigari ya taɓa nasa rawanin ya ce rabon da ya ga naɗi irin wannan tun yana yaro.

"A biro na..." in ji Illo, sai ya haɗu da idon Hajara, ya haɗiye sauran.

Da aka yi fatiha, sabon Sarkin Ruwa ya riƙe hannunsa. "Ɗan'uwa, a gidan Wada na girma, na san shi ɗaki-ɗaki. Ƙannen ubanka biyu na nan da rai a Ɗan Issa, kullum sai sun tambaye ni kai. In sunaye kake so, zo mu tahi ranar kasuwa, ka ji su daga bakin masu su."

"Akwai gulbi a hanya?"

"Ya ƙafe."

"To, zan duba."

Suka kamo hanyar gida, Kaka a kan jaki, Illo na riƙe da igiya, Hajara a baya da lefe wofi a ka. Illo ya yi shiru, shirun da Hajara ba ta taɓa ji ba tun da aka kawo ta gidan. Har ta fara tausaya masa. Suka wuce masallaci shiru, suka wuce rijiya shiru. Suna kaiwa ƙofar gida sai ya tsaya cak.

"Hajara, jakai nawa anka ce Wada gare shi?"

"Na ji Sarkin Ruwa na cewa bakwai."

"Saba'in. Mai jaki saba'in kuwa ba mai jakai ba ne, madugu ne. Ashe mu jinin madugai ne! Shi ya sa tun ina yaro nake jin ruwan nan ya yi mini kaɗan. Ina kiriyo?"

"Ya ƙare, Malam."

"Zan samo wani a Maraɗi. Wannan karon iccen sai ya..."

Kaka ta sunkuyo daga kan jaki. "Hajara, ɗiyata."

"Na'am, Kaka."

"Yi maza ki liƙe bakin rumbu."

Iyakar abin da ya zo kunnena ke nan na Illo da kayensa. Allah ya bar mu da danginmu, waɗanda aka rubuta da waɗanda aka goya.